Ta ce ba ta sha, kai kuma sai ka rubuta?

Ɗana, ka ce wata mai ciki 'yar ƙabilar Roma, tsirarun Turai da ake kira Jipsi, ta zo awo, ka tambaye ta ko tana shan taba ta ce a'a, ga shi kuma warin hayaƙi na tashi daga rigarta, kana son sanin abin da za ka sa a kati. Da yadda ake auna tsayin ciki ka tambaye ni da ban tanka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma aji. Wannan kam zan amsa, don ka fama mini mikin da bai warke ba.

Ina aiki a wani asibiti a arewa maso gabashin Hungari, yankin da talauci ya yi wa katutu, aka kawo mini wata yarinya cikin dare, cikin fari, sati 33. Ciki ya ƙage kamar katako, jini baƙi-baƙi na zuba, ita kuma ta ɗashe. Mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun lokaci bai yi ba. Muka ruga ɗakin tiyata, na ciro ɗa namiji ba rai, ƙanƙani ko a kan watanninsa. Uwar sai da aka yi ta ƙarin jini, da kyar muka ceto mahaifar. Ina riƙe da hannunta ina neman jijiya na ga manuniya da babban yatsa sun rine rawaya. Na jawo kati, an rubuta ba ta shan taba.

Wani matashin likita ne ya cika katin, irin waɗanda ke tambaya idonsu na kan kwamfuta. A awon baya ciki ya gaza tsayin da ya kamata, bai tura ta hoto ba, bai gaya wa kowa ba. Da na titsiye shi sai ya ce wai ai 'ya'yan Roma dama ƙanana ake haifarsu. Washegari surukar yarinyar ta gaya mini ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba cewa yarinyar tun tana ƙarama take naɗa taba da hannunta, gidan kuma kowa na sha a ɗaki ɗaya. Ma'aikaciyar lafiyar da ke bin gidaje, wadda suke kira védőnő, ta san duk wannan, ba wanda ya tambaye ta. Shi likitan ko gaisuwar rashi bai yi wa uwar ba, bayan 'yan watanni ya samu aiki a Jamus ya tafi abinsa. Da na san tana sha, da na sa mata ido tun ciki na ƙarami, da na gaya mata ciwon mara ko ɗigon jini kaɗan ta taho ko tsakar dare ne. Gida ta zauna tana jira ya lafa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maganar nan ta "haka jininsu yake" ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma ku yaran yanzu kuna saurin haɗiye ta don tana rage muku aiki. Nikotin na matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya. Iskar kabon monoksaid ta hayaƙin tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ɗan tayi ya zauna cikin ƙarancin iska. Jaririn mai sha yakan gaza da kimanin giram 200, kuma wanda uwarsa dama ba ta ƙoshi, wannan ya isa ya jefa shi ƙasa da giram 2,500, iyakar da ake cewa jariri ya gaza nauyi. Haɗarin rabuwar mabiyiya kusan ninki biyu ne, ga haihuwar bakwaini, ga mutuwar jariri cikin barci. Binciken da aka yi a yankin nan ya nuna kusan rabin matan Roma na shan taba da ciki. Ka haɗa da hayaƙin murhun itace a lokacin hunturu, da rashin abinci, da barin makaranta da wuri, ka ga inda nauyin yake tafiya.

Kada kuma ka kira ta maƙaryaciya, tsoro take ji. Tana tsoron a ce ba ta iya uwa ba a ɗauke mata ɗa. Mutanen nan sun ga abin da ya isa: a Cekoslobakiya an ɗaure wa matansu mahaifa ba da yardarsu ba, sai a 2021 Jamhuriyar Cek ta yi dokar biyan diyyar koruna (kuɗin ƙasar) 300,000 ga kowace mace. Farar rigarka ba aminci take nuna mata ba.

Saboda haka ka bar "kina sha?". Juyo da kujerarka, ka ce mata, "'Yar'uwa, kara nawa kike sha a rana, ta kwali ce ko ta naɗi? Wa kuma ke sha a ɗakin?" In akwai na'urar auna kabon monoksaid a numfashi a ba ta ta hura, a Ingila in na'urar ta nuna 4 ko sama suke ɗaukar mataki. In ta ce ƙaramin jariri ya fi sauƙin haihuwa, ko taba ce ke kashe mata yunwa, kada ka yi mata tsawa, kai ta ta leƙa ɗakin da ake sa jarirai a kwalba. Gaya mata wadda ta daina kafin sati 15, haɗarin bakwaini da ƙanƙantar jariri na komawa kusan daidai da na wadda ba ta sha. Wadda ta wuce nan ma dainawa na da amfani. Miji da suruka ka sa su a zancen, in ba haka ba kana fita za a miƙa mata wata. Batun filastar nikotin yana cikin littafinka, je ka karanta.

A kati ka rubuta abin da ta faɗa da abin da hancinka ya ji, duka biyun. Ka kira mai bin gidajen unguwarsu yau ɗin nan, ka sa mata ranar hoton girman ciki, sannan ka kawo mini katin in gani kafin ka tashi.