Amsa ga mai Golf 3 da notin zuba man giya ya cije masa

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana so ka canza man giyar Golf 3 ɗinka a gida, notin gefe da ake zuba mai ta nan ya ƙi motsi, alankinka (makullin nan mai kusurwa shida da ake cusawa a ramin kan noti) ya fara zamewa a cikinsa, kuma kana tunanin ka fara tsiyaye tsohon man ta notin ƙasa kafin ka dawo ka yi fama da na gefen.

Don Allah kada ka taɓa notin ƙasa tukuna. Wannan kuskuren na taɓa yi, kuma na ji a jikina. Shekarun baya ina da Corolla mai giyar hannu. Ran wata Asabar na shiga ƙarƙashinta, na kwance notin ƙasa, mai ya zube tas, ina murna aiki ya tafi daidai. Da na zo kan na gefe sai ya ce bai san zancen ba. Na sa sifana mai buɗaɗɗen baki a kan noti mai lamba 24, na ja, na sake ja, har kusurwoyin kansa suka cinye ya koma kamar kwabo. Mota ta kwana uku a ƙofar gida ba mai a giya, ba halin tayar da ita zuwa gareji, sai da na ɗauko mai walda da injinsa har gida. Matuƙar tsohon man yana ciki, ko notin ya gagare ka za ka iya tuƙa motarka zuwa wurin bakanike.

Dalilin cijewar shi ne notin ƙarfe ne, jikin giyabos kuwa alminiyam. Idan suka daɗe a haɗe, ga ruwan damina ga laka, wani farin gari yakan fito a tsakanin zarensu ya riƙe su kamar siminti. Ƙari a kan haka, wanda ya ɗaure shi a baya mai yiwuwa da fayif ya ɗaure, alhali notin nan bai buƙatar wannan ƙarfin.

Tunda alanki ya fara zamewa, ajiye shi haka nan. Notin giyar Golf 3 rami ne mai kusurwa shida, lamba 17. Abin da na fi gani shi ne ramin ya cika da ƙasa da busasshen mai, alankin ya shiga rabi kawai, sai ya riƙa cin bakin ramin. Samo ƙusa ko siririn sukundireba ka kankare ramin har ƙasansa, ka wanke da ɗan fetur ko kananzir, ka bari ya bushe. Sannan ka nemi alanki irin na soket, ba mai lanƙwasa ba, ka buga shi da guduma har ya zauna daram. Idan ba ka samu ba, notin tayar motarka ma kansa 17 ne: ka ɗaura masa noti biyu a zarensa ka matse su da juna, ka cusa kan a ramin, ka kama notin ciki da sifana. Na ga wannan dabarar ta yi aiki fiye da sau ɗaya. Cire tayar gaba ta hagu zai ba ka fili sosai.

Kafin ka ja, yi abu biyu. Ka ɗan zagaya da motar kamar minti 15 ko 20 giyabos ya yi ɗumi, domin alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, ramin yakan ɗan saki notin. Amma tun kafin wannan zagayen ka fesa maganin tsatsa a kewayen zaren, ko ka ɗiga man birki kamar yadda makanikanmu ke yi, amma ka kiyaye fenti don man birki yana cin sa. Ba shi lokaci. Ni nakan fesa da yamma, in sake da dare, in zo da safe. Tsakanin nan ka riƙa dukan kan alankin da guduma, duka gajere mai kaifi, kai tsaye cikin notin. Girgizar ce ke farfasa garin da ya riƙe zaren. Ban ce ka daki jikin giyabos ba, alminiyam tsagewa yake yi.

Wajen ja, sa dogon hannu, ka danne kan alankin da tafin hannu ɗaya don kada ya karkace. Fara gwada ɗaurewa kaɗan, ɗan motsi kawai, sannan ka juyo ta kwancewa. Fizga ɗaya mai ƙarfi ta fi ja a hankali na tsawon lokaci. Kuma ka tsaya ka tabbatar da ɓangaren da kake juyawa, domin mutum yana kwance a ƙasa kansa a juye, sau da yawa ɗaurewa yake yi yana zaton kwancewa ce. In kana fuskantar kan notin, saɓanin tafiyar agogo ne.

A nan zan roƙe ka abu guda, don ya fi notin muhimmanci a wurina. Kada ka yi wannan fizgar mota tana kan jak kaɗai. Ƙarfin da za ka sa ya isa ya ture ta. Sa ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a tayoyin baya. Bulo na siminti ba abin yarda ba ne, farfashewa yake yi ba sallama.

Idan duk wannan bai yi ba, saura wuta. A gasa jikin giyabos kewaye da notin, ba notin kansa ba, kuma sama-sama, bayan an goge duk abin da aka fesa don yana kamawa da wuta. Akwai robar shaft da wayoyi a kusa, a kare su da jiƙaƙƙen tsumma. In ramin ya riga ya cinye gaba ɗaya, wasu sukan sa cizal a gefen notin su buga ta ɓangaren kwancewa, amma ni ban cika so ba, kuskure ɗaya ka sari alminiyam. Na fi yarda da mai walda ya liƙa babban noti a kai. Zafin waldar kansa yakan sake shi, nawa da aka yi haka ko ƙarfi ban sa ba ya juyo. A cire kan batir kafin a kunna injin walda.

Wani zai ce maka ka bar notin, ka zuba ta ramin sifidomita a saman giyabos. Ana yi a wannan giyar, tana cin kusan lita 2, sai dai ɗan haƙorin da ke ƙasan abin sifidomitar da za ka zare yana iya suɓucewa ya faɗa ciki, daga nan kuma sai sauke giya. Haka nan kada ka kwance wani noti a jikin giyabos don kawai ya yi kama da na mai, akwai waɗanda ke riƙe da kayan ciki.

Tun kafin ka fara, sayo sabon noti ka ajiye, a Ƙofar Ruwa in kana Kano ko Panteka in kana Kaduna, don tsohon ba zai koma ba. Mai kuma ka nemi 75W-90 mai alamar GL-4, saboda zobban tagullar da ke cikin giyar. Mota ta tsaya a miƙe ba a karkace ba, ka zuba har ya fara dawowa ta bakin ramin, ka ɗaure da gajeren hannu ba fayif.

Turo mana hoton kan notin yadda yake yanzu, in ga ko alanki zai iya kama shi ko kuwa kai tsaye wurin mai walda za ka nufa. Allah ya ba da sa'a.