Takardar da nake ba ma'aikatana ba ta da daraja a waje, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikata a wani gidan kula da tsofaffi da marasa lafiya. Shekara uku ke nan ina horar da sabbin ma'aikata da kaina, ina ba su takardar shaida, amma in sun je neman aiki wani wuri sai a ce ba a san ta ba. Yaya zan yi hukuma ta amince da kwas ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Takardar da kike bayarwa ta halarta ce, tana cewa wance ta zauna a aji. Hukumar tantancewa kuwa so take ta san me hannun wance ya iya bayan ta fito, kuma wa ya gani da idonsa.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, nemi hukumar da ke da ikon amincewa da irin wannan horo a ƙasarki, ki karɓi sharuɗɗanta a rubuce. A kansu za ki yanka kwas ɗin. Wanda ya ɗinka kafin ya auna, warwara ce ke jiransa.

Babban aikin yana wajen rubuta manufar kowane darasi. In kin ce "ma'aikaciya za ta fahimci tsaftar hannu", da me za a auna fahimta? Ki ce za ta murza hannunta da maganin kashe ƙwayoyin cuta na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko ta wanke da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60, a lokuta biyar na tsaftace hannu yayin kula da mara lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana a jagorarta ta 2009. Wannan kam kowa zai iya tsayawa da agogo ya duba.

A 1990 wani likita ɗan Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: sani, sanin yadda ake yi, gwadawa a gaban malami, sai yi a bakin aiki. Jarrabawar takarda iyakarta hawa na biyu, kuma nan yawancin kwasa-kwasan cikin gida ke maƙalewa. Ɗauki ɗaga tsohuwa daga gado zuwa keken guragu. Ma'aikaciya na iya cin maki duka a takarda, amma ranar da aiki ya yi yawa, ta danne birkin keken? Ta gaya wa tsohuwar abin da za a yi mata kafin ta taɓa ta? Ta gyara mata zani? Mai tantancewa ya tsaya nan gefen gado da takardarsa, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da kwanan wata. Shi ya sa Care Certificate, wato shaidar horon farko ta sabbin ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya, da aka ƙaddamar a Ingila a 2015 da ƙa'idoji 15, ya shardanta a ga ma'aikaci yana aikin a zahiri.

Wani abu kuma da ba lallai ya yi miki daɗi ba: kada ya zama ke kaɗai ce mai koyarwa, ke ce mai ba da maki. Za a nemi mutum na biyu da zai riƙa zaro wasu takardun yana duba ko an yi adalci. Za a nemi shaidar ƙwarewarki ke ma, da hanyar ɗaukaka ƙara ga wadda ta faɗi.

Ki fara gwada kwas ɗin a kan mutum biyar ko shida, ki adana duk takardun da suka fito daga gwajin, har da na waɗanda suka faɗi. Da su za ki je gaban hukumar.