Za a iya mayar da shari'ar haya Kotun Tarayya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekarata tara a shago ɗaya, kuɗin haya shekara-shekara nake biya bayan kaka. Bara mai shagon ya rasu, sai babban ɗansa ya ce in tashi, har ya maka ni a kotun majistare. Ina tsoron ya fi ni sanin mutane a wurin. Wani abokina ya ce in nemi a mayar da shari'ar Babbar Kotun Tarayya ta Dutse. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zai yiwu ba, kuma ina roƙonka kada ka sayar da ko tiya ɗaya ta gero saboda wannan tafiya.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka Babbar Kotun Tarayya yayar kotunan jiha ce, wadda ake kai wa ƙara in ƙanwa ta yi ba daidai ba. Ba haka ba ne, kowacce da gonarta. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa abin da take saurara: kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kwastan, harkar bankuna da kamfanoni, jiragen sama da na ruwa, makamai, ƙwayoyi, ma'adinai da makamantansu. Hayar shago ba ta ciki. Ko rigimar mallakar fili, kotunan jiha Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar wa.

Wani zai ce ka fake da take haƙƙin ɗan Adam. An gwada. Bayan an tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a 1986, ta wannan ƙofar ya shiga kotun tarayya, amma a 1989 Kotun Ƙoli ta ce gundarin maganar sarauta ce, don haka hurumin Babbar Kotun Jiha ne. Gundarin taka maganar haya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne a shagaltar da kai. Na taɓa ganin wani tela irinka da ya daina halartar zama yana jiran a ɗauke shari'arsa, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Ranar da aka fitar da kayansa, kekensa na ɗinki na bakin titi da atamfar wata amarya a ƙarƙashin allura, ba a gama kalmasa ba. Har yau ina tuna shi.

Kai dai ka halarci kowane zama. Ka tattara rasit, in babu ka nemo waɗanda ka riƙa biya a gabansu. Sannan lauya ya duba notis ɗin da aka ba ka, don a nan masu gida suka fi tuntuɓe. A yawancin dokokin jihohi, in ba wata yarjejeniya, mai biya shekara-shekara wata shida ake ba shi, a biyo da takardar kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Mutuwar mai shago ba ta soke wannan.

In ka ga alamar son kai a fili, lauya zai iya rubuta wa Babban Jojin Jiha ya nemi a sauya majistare. In an kayar da kai, ɗaukaka ƙara Babbar Kotun Jiha take zuwa. Idan kuɗin lauya ya gagara, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa. Ka kuma samu dagaci ko limamin da ya yi wa marigayin salla, ya roƙar maka wa'adi har bayan ɗinkin Salla.