Katako, ƙarfe ko dakali: wane wurin zama ya dace da garinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙaramar hukumar Ringim ta tara kuɗi za a yi wuraren zama a bakin tasha da ƙofar asibiti. Wasu sun ce bencin katako, wasu na ƙarfe, dattawa kuma sun ce a gina dakali. Wanne ne ba zai cutar da muhalli ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka wa ƙungiyarku da alheri, Malam. Ni dai ina bayan dattawanku, amma da ɗan gyara.

Abin da muke fara dubawa shi ne daɗewa, domin bencin da za a riƙa sakewa bayan damina biyu ko uku, kowace sakewa wata sabuwar ɓarna ce. Yawancin katakon kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu ake lodo shi, kuma da ya taɓa ƙasa gara ta samu abinci. Baƙin man da ake shafa masa don korar ta, ruwan sama ne ke wanke shi ya kai kududdufi. Azarar giginya ta fi jure gara, sai dai giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga Jigawa na cikin jihohi 11 da ke fama da kwararowar hamada. Ban yarda a kayar da ita saboda benci ba.

Ƙarfe kuwa, a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40 ba ya zaunuwa da rana, sannan 'yan jari-bola ba sa ƙyale shi.

Siminti yana daɗewa, amma masana'antunsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Saboda haka a yi amfani da shi kaɗan, inda ya zama dole.

Ku gina dakalin da tubalin jar ƙasar garinku, maginanku su yi aikin, kuɗin ya tsaya a gida. Tunda yankinku na shan ambaliya daga kogin Haɗeja, a ɗora shi a kan harsashin dutse ko bulo layi biyu, kada ƙasansa ya jiƙa ya zube. A shafe samansa da siminti siriri, a ɗan karkata shi yadda ruwa ba zai kwanta ba. In har akwai tsohon magini da ya iya haɗa makuba ta ɓawon ɗorawa, ku nemo shi ya yi yaɓen gefe, yara ma su koya. Tsayinsa ya kai kamar santimita 45, tsoho da mai juna biyu su miƙe ba wahala.

Kuma kada ku gina a fili fetal. Ku bi inda darbejiya ko tsamiya take. Inda babu, a dasa da farkon damina, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don wanda zai riƙa ba ta ruwa da rani.