Soja da ɗan sa-kai sun rasu rana ɗaya: ina hakkin iyalan ɗan sa-kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ɗan sa-kai ne, ya rasu a harin da 'yan bindiga suka kawo garinmu, rana ɗaya da wani soja. Mun ji ana shirya wa iyalan sojan hakkokinsa, mu kuwa shiru. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Me ya kawo wannan bambanci, kuma ina za mu dosa?
Daga wata mai karatu, Sabon Birni

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan su duka, ya raya marayun.

Tushen bambancin shi ne rajista. Tun da aka ɗauki soja aiki yake da lamba, da fayil, da sunan wanda za a nema idan ya rasu. In ya faɗi a bakin aiki, rundunarsa ce ke kai rahoto sama, sannan inshorar rai da Hukumar Fansho ta Sojoji su biya. Ƙasa ma ta ware masa 15 ga Janairu don tunawa.

Ɗan sa-kai na gari farar hula ne, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan ta Sakkwato, aka rufe wasu kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Talakawa suka ɗauki wannan nauyi don aikin soja ya yiwu, ba tare da an rubuta asarar kowa ba. Wannan rashin adalci ne a ganinmu.

Ku fara da tabbatar da matsayinsa. In yana cikin rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024, ku nemi kwamandansa ya rubuta rahoton rasuwar. In sa-kai ne na gari kawai, ku za ku haɗa takardun da kanku: wasiƙar mai unguwa da ta hakimi mai ɗauke da rana da wurin da abin ya faru, rahoton 'yan sanda, da takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ku yi kwafi uku na kowacce, ku riƙe na asali a gida. Guda ku kai sakatariyar ƙaramar hukuma don sunansa ya shiga jerin da ake tura wa SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, guda kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha saboda marayun. Duk inda kuka miƙa, a buga muku hatimi a kwafinku.

Wuri biyu ake yawan samun tangarɗa. Na farko, ana yin jana'iza cikin sa'o'i kamar yadda addini ya koyar, jama'a su watse, bayan wata shida a rasa wanda zai tabbatar da ranar. Ku rubuta sunayen mutum biyu da suka halarta tun yanzu. Na biyu, suna: in gari ya san shi da laƙabi, a takarda sai a sa wanda ke kan katinsa na NIN, harafi da harafi.

Tunda matarsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma, wani namiji a gidan ya fara zirga-zirgar kafin ta fita.