Ɗana zai hau dutsen Tubkal cikin sanyi: me zan saya, me zan bari?

Tambaya daga wani uba a Marwa: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Marrakesh ta ƙasar Maroko. Ya turo mini jerin kaya ta WhatsApp, wai shi da abokansa za su hau dutsen Tubkal a watan Janairu: takalmi, jaket, safar hannu, tabarau, da wasu ƙarafa biyu da ban san kansu ba. Kuɗin ya yi mini yawa, ga shi kuma ina ganin irin waɗannan kaya a gwanjo. In saya a nan in aika masa?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaro. Ba almubazzaranci ya yi ba da ya rubuto jerin nan. Tubkal shi ne dutse mafi tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167. Ana fara hawansa daga ƙauyen Imlil, wanda shi kansa yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,740. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, ke nan tsakanin ƙauyen da ƙololuwa akwai bambancin digiri 15 ko fiye. A Janairu dusar ƙanƙara ta rufe saman hanyar, ga iska mai yanka fuska. Sanyin hunturun da ke sa mu kewaye wuta da asuba a Marwa ko kusa bai kai nan ba.

Ƙarafan nan biyu, soke su daga lissafi. Ɗaya ƙayoyin ƙarfe ne da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi don su kama ƙanƙara, ɗayan gatarin ƙanƙara ne da ake dogarawa, a kuma caka shi in ƙafa ta zame. Duk biyun ana bayar da hayarsu a Imlil. Wanda zai hau sau ɗaya ba shi da dalilin mallakarsu.

Riguna kuwa, gwanjo ta wadatar, har ma ka fi shi samun sauƙi a nan. Abin lura shi ne auduga. Mu da muka tashi a ƙasar auduga mun saba ganinta a matsayin yadi mai daraja, amma a kan dutse takan sha gumi ta riƙe, da mutum ya tsaya hutawa sai jiƙaƙƙiyar rigar ta riƙa zuƙe ɗumin jikinsa. Duba 'yar takardar da ke wuyan riga: ka nemi ulu ko foliyesta. Ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya mai laushi da ɗumi, ta waje mai hula wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar jaket guda, domin yana hawa zai ji zafi ya cire ɗaya, ya tsaya ya mayar. Wandon jins ya bar shi a ɗaki. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri a kanta, da hular da ke rufe kunne.

Takalmi ne ba zan yarda ka saya masa a nan ba, ko da ka ga mai sheƙi kamar ba a taɓa sa shi ba. Yawancin takalman dutse suna da wata roba mai laushi tsakanin tafin takalmi da fata. In ya daɗe a ajiye, musamman cikin zafi da laima, robar takan ruɓe daga ciki ba tare da an gani ba, sai an yi tafiyar awa biyu ko uku ta fara marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, tafin ya ɓalle. Ka tuna dilar gwanjo ta sha jirgin ruwa, ta sauka Duwala, ta sha zafin hanya kafin ta iso gare mu. Sannan takalmi ba a saya wa mutum shi daga nesa. Ya je da ƙafarsa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya gwada da safa mai kauri, ya tabbata yatsu suna motsi a gaba, domin matsattsen takalmi yana hana jini gudu kuma yatsun da jini bai isa ba su ne sanyi ke fara ci. Tafin ya zama mai tauri wanda ba ya lanƙwashewa a hannu, in ba haka ba ƙayoyin ƙarfen za su riƙa kwancewa. Kuɗin da ka rage daga ƙarafa da riguna, zuba shi a nan.

Tabarau ma ba ado ba ne. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona ido. Ya nemi mai lamba 3 ko 4 a ma'aunin duhun gilashi, ba na bakin titi ba.

Tambaya daga wani matashi ɗan Garwa: Na hau duwatsun Rumsiki, na kuma hau Dutsen Kamaru daga Buya har sama. Zan je kwas Maroko. Me zai sa in biya ɗan jagora a Tubkal?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000 kuma wanda ya kai samansa yana da ƙafa. Amma zaɓin ba a hannunka yake ba. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido, 'yar Denmak da 'yar Norwe, kusa da Imlil a Disambar 2018, hukuma ta wajabta tafiya da ɗan jagora, kuma akwai shingen jami'an tsaro da ke duba fasfo a hanya.

Ko babu doka ma da na ce ka biya. A Buya hanya kake bi da ido. A Tubkal cikin sanyi, dusar dare ɗaya ta isa ta shafe sawu. Ana kwana a masaukin da ke mita 3,207, a tashi da duhun asuba da tocilan goshi, lokacin da dusar ta daskare ta yi tauri. Ɗan jagora ne ya san gangaren da ke zaftarowa bayan sabuwar dusa ta sauka a kan tsohuwa, shi zai nuna maka yadda ake taku da ƙayoyi ba tare da ka yage wandonka ko ƙwaurinka ba. Saukowa ta fi hawa haɗari, gajiya ta riga ta kama gwiwa. Ka nemi ganin katinsa na aiki kafin ku yi ciniki, ka kuma tambaye shi ƙarfe nawa zai juya da ku ko kun kai ko ba ku kai ba. In ya ce ai dole ku kai, nemi wani. Waya ka sa ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Injamena: Ƙanena zai hau Tubkal. Wane magani zan saya masa na ciwon hawan dutse? Jininsa AS ne.

Hajiya, kada ki sayi komai tukuna, ki tura shi wajen likita ya faɗi tsayin da zai hau. Mai sikila SS bai kamata ya je ba sam, ƙarancin iskar shaƙa da sanyi da bushewar jiki duk masu tayar da ciwon ne. Mai AS yawanci lafiya lau yake rayuwa, amma a wurare masu tsayi sosai akan samu jini ya toshe a saifa, da ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. In ya ji haka ya sauko nan take a kai shi asibiti.

Ciwon tsayi kuwa kowa yana iya kamuwa daga kamar mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Akwai ƙwayar asetazolamid da ake bayarwa don rigakafi, amma likita ne zai ce ko ta dace da shi. Abin da ya fi ta arha shi ne ƙarin kwana ɗaya a Imlil kafin hawa, da yawan shan ruwa ko ba ƙishi. Ki gaya masa kuma, a baƙar fata ba a saurin ganin canjin launin yatsan da sanyi ya kama, don haka da ya ji yatsa ya mutu ya sanar da ɗan jagora, ya cusa hannun a hammata. Kada ya murza, kada ya kara a wuta.