Wai ana iya yaudarar gwajin hali na neman aiki?

Malam, ka ce ko mutum zai iya gyara amsa a fom ɗin gwajin hali da kamfanoni ke bayarwa. Sosai ma! Ai mai neman aiki in aka tambaye shi ko yana makara, wa zai ce eh? Kowa sai ya koma waliyyi, makin himma da natsuwa ya yi sama, abin haushin shi ne mai gyaran amsa yakan haye gaban mai gaskiya. Amma masu shirya gwajin su ma ba barci suke ba, tun wani gwajin hali mai suna MMPI na 1943 a Amurka akwai tambayoyin tarko, ka nuna ko fushi ba ka taɓa yi ba su gane ka. Yanzu wasu halaye biyu masu kyau za su ajiye maka, dole ka zaɓi ɗaya, don gyaran amsa ya yi wuya.